Inshorar gida a Garwa: wacce za ka saya, kuma a hannun wa?

Tun daren da lantarki ya dawo da ƙarfi ya cinye mini ɗakuna biyu, duk wanda ya tambaye ni zancen inshorar gida ba na yi masa kwana-kwana. Wadda ake rubuta wa "multirisque habitation" a takarda, ita nake nuna masa.

Ta gobara zalla tana da araha, amma iyakarta gobarar ke nan. Wadda banki ke ɗora maka idan ka ci bashin gini kuwa, kuɗinsa yake tsarewa, ba katifarka ba.

Ita multirisque gini da kayan ciki take haɗawa: gobara, tsawa, fashewar tukunyar gas, ɓarawon da ya ɓalle ƙofa, bututun ruwan da ya fashe ya jiƙa ɗaki. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne haƙƙin maƙwabta. A tsofaffin unguwanninmu katanga jingine take da katanga, wuta kuma ba ta san iyakar fili ba. Idan ta tashi a gidanka ta tsallaka na maƙwabci, kamfani ne zai biya shi, ba kai za ka sayar da gona ba. Ɗan haya ma ya buɗe kunne, domin a doka gobarar gidan haya tana wuyansa har sai ya nuna ba daga gare shi ta fito ba. Firiji da talabijin da ƙarfin wuta ya ƙona suna da layinsu daban, "dommages électriques". In ba ka gan shi a rubuce ba, ka ce a ƙara.

Sai dai kada kalmar "dégâts des eaux" ta yaudare ka. Ruwan famfo da yoyon rufi take nufi, ba Binuwai ba. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da aka saki ruwan madatsar Lagdo, ko abin da kogin Logone ya yi wa Yagwa a 2024, ya nemi a rubuta masa "inondation" ƙarara. Kuma kada ka rage darajar gida don kuɗin shekara ya sauka: gidan sefa miliyan 20 da ka rubuta miliyan 10, in ka yi asarar miliyan 6, miliyan 3 za ka karɓa.

To, ga inda aka cuce ni. Wani saurayi ne mai laƙataye da jaka ya same ni a shago da sunan dillalin inshora, bakinsa kamar zuma, "Alhaji" a gaba "Alhaji" a baya. Na ba shi kuɗi kashi biyu, ya ba ni rasit na hannu da wani hatimi da ya dusashe. Bayan gobara na je ofishin kamfanin, suka duba, babu sunana ko a kuskure. Lambar wayarsa har yau a kashe.

Dokar CIMA, wato dokar inshora ta bai ɗaya da Kamaru da Chadi duk suke bi a ƙarƙashin yarjejeniyar Yawunde ta 1992, ba ta da sassauci a nan: sashe na 13 ya ce sai an biya kuɗi inshora ke fara aiki. Don haka ka taka da ƙafarka zuwa ofis, ka biya da sunan kamfani, ka karɓi rasit bugagge da lambar kwangila. Ka kira hedikwatarsu, yawanci a Duwala take, ka ji ko lambar tana cikin kundinsu. Dillali ya nuna maka izininsa na ma'aikatar kuɗi. In ya fara kame-kame, ka miƙe. Wanda ya ce maka "ba sai ka karanta ba", shi ne ɓarawon. In Faransanci ya yi maka nauyi, ka tafi da ɗanka ɗan makaranta ya karanta maka shafin abubuwan da ba a biya, layi-layi.

Idan tsautsayi ya faɗa, a ƙa'ida kwanakin aiki 5 gare ka ka sanar da kamfani, sata kuwa awa 48. Rasit ɗin kayanka ka ɗauke su hoto a waya tun yau, domin nawa cikin durowa suke, tare da ita suka ƙone.