Horon sababbin gwamnonin makaranta a Ingila: yadda na gan shi

Da iyaye suka zaɓe ni in wakilce su a hukumar gudanarwar firamaren 'yata, inda ake kiran mambobi gwamnonin makaranta, sai aka tura ni horon da ƙaramar hukumarmu ke ba sababbin shiga. Ta intanet aka yi, da yamma, kuma makaranta ce ta biya.

Malamar da ta horar da mu ba ta yi mana rufa-rufa ba. Aikin sa kai ne, babu albashi, wa'adinsa yawanci shekara 4, kuma sai an yi wa mutum binciken DBS, wato duba ko yana da tarihin aikata laifi, saboda kare yara. Nauyinmu shi ne tsara alkiblar makaranta, bin diddigin aikin shugabanta, da sa ido kan kuɗi. Koyarwa da harkokin yau da kullum ba huruminmu ba ne, ko da ɗanka ne ya dawo gida da ƙorafi.

Darasin korar ɗalibi ya fi kama ni. Idan shugaba ya kori yaro dindindin, wajibi ne gwamnoni su zauna cikin ranakun karatu 15, su saurari iyaye da makaranta, sannan su tabbatar da korar ko su mayar da shi. Nan jikina ya yi sanyi, don makomar ɗan wani ce a hannunka.

Ɓangaren kasafin kuɗi kuwa, a guje aka bi ta kansa, alhali shi ne mai wuyar. Takardun ma cike suke da taƙaitattun sunaye, ba fassara.

Duk da haka ina ba duk sabon gwamna shawarar ya halarta tun kafin zamansa na farko.