Wata takwas ina hawa jirgin ruwa daga Ikorodu zuwa CMS

Ni mutumin Funtua ne, kuma kafin in zo Legas babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Mairuwa. Shi ya sa na shekara shida a unguwar Sabo ta Ikorodu ban taɓa taka ƙafata cikin jirgin ruwa ba, duk da cewa tashar Ebute ba ta da nisa da gidana. Shadda da yadi nake sayarwa a kasuwar Balogun. Kullum ƙarfe huɗu da rabi na asuba nake fita, in bi ta Mile 12 da Ketu da Ojota, sallar asuba ma sau da yawa a gefen titi nake yin ta. Ranar da aka samu tirela ta faɗi, sai in yi awa uku a mota. Yarana kuwa ina barinsu suna barci, in dawo in tarar sun yi barci.

Wani dattijo ɗan canji da muke sahu ɗaya a masallaci ne ya matsa mini. Ya ce, "Malam, wahalar nan da kake sha ta isa. Gobe ka biyo ni." Na ce, "Baba Alhaji, ban iya iyo ba." Ya ce shi ma bai iya ba, kuma ya fi shekara goma yana hawa. Tun daga ranar nake bin jirgin wani kamfani mai zaman kansa, irin mai rufi da inji biyu a baya, wanda ke ɗaukar mutum kamar ashirin. A kansa zan yi magana, don shi na sani ciki da bai.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne tsarin shiga. Za ka rubuta sunanka da lambar wani naka a takardar fasinja, a miƙo maka rigar ruwa, kuma ba a kunna inji sai kowa ya ɗaure tasa. Jami'an LASWA, hukumar da gwamnatin jihar ta kafa a 2008 don kula da hanyoyin ruwa, suna tsaye a bakin tasha suna dubawa. Na ga an sauke wani mai kwat da ya ce rigar za ta ɓata masa guga. Idan kujeru suka cika, sun cika, ba a ƙara ko mutum ɗaya. Wanda ya saba da danfo, ƙananan bas ɗin haya na Legas, ya san darajar wannan.

Daga Ebute zuwa CMS, tashar da ke tsibirin Legas inda nake sauka in ƙarasa Balogun, minti arba'in ne, wani lokacin ya ɗan ɗara. Yanzu sai na yi asuba a jam'i, na karya da iyalina, sannan in fito, kuma kafin takwas na buɗe shago. Kuɗin ya fi na mota nesa ba kusa ba, kuma duk lokacin da fetur ya tashi shi ma sai ya tashi. Amma da na haɗa lissafin cinikin safe da nake rasawa a da, sai na ga ba asara nake yi ba.

Ita kanta tafiyar tana da abin kallo. Da an bar gaɓa nakan karanta "Bismillahi majreha wa mursaha", in jingina. Da sassafe ruwan kwance yake kamar an shimfiɗa tabarma, masunta a ƙananan kwale-kwale suna jefa birgi, ga masu haƙar yashi da jiragensu sun yi nauyi har ruwa ya kusa taɓa baki. Sai gadar Third Mainland ta bayyana. Tsawonta kilomita 11.8, a 1990 aka buɗe ta zamanin Janar Babangida, na kuma bi ta kanta sau ba adadi, amma ban san girmanta ba sai da na gan ta daga ƙasa: ginshiƙai jere reras, gansakuka ta yi musu kore, motoci can sama sun yi cirko-cirko. Daga nan a wuce ƙarƙashin gadar Carter da ta Eko, sai ga manyan jiragen dakon kaya na Apapa a ɗaya gefen.

Direban da na fi yawan samu wani Bayarabe ne mai furfura, ba ya son surutu. Idan babban jirgi ya wuce ya tayar da igiyar ruwa, sai ya rage gudu ya karkata hancin jirgin, mu haye a hankali. Wata rana a ƙarshen damina, lokacin da kainuwa ke rufe bakin Ikorodu har ka ɗauka filin ciyawa ne, inji ɗaya ya yi tari ya mutu a tsakiyar ruwa. Wata baiwar Allah kusa da ni ta fara salati. Direban ya ɗaga hannu ya ce kowa ya zauna inda yake, kada a taru gefe guda. Yaron jirgin ya kwanta rub da ciki a baya, aka ɗago injin, ya dinga warware saiwoyi da tsohuwar leda da igiyar buhu daga jikin farfela da 'yar wuƙa. Minti goma aka tashi. Natsuwar mutumin nan ce ta sa washegari na dawo.

Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wasu rigunan ruwan sun tsufa, maɓallinsu ya karye, sai dai ka ƙulla igiyar da hannu, ga warin gumi da danshi. Na yi wa mai karɓar kuɗi magana sau biyu, ya ce za a canza, har yau wasu na nan. A ƙarshe na sayi tawa, ina yawo da ita a jaka. Ba kuma ƙanana na yara isassu, shi ya sa har yanzu ban hau da 'ya'yana ba duk da naci da suke yi. Tamfol ɗin gefe ma ya yage, idan ruwan Yuni ya sauko wanda ke kujerar gefe sai ya jiƙe sharkaf. Sau ɗaya bandir ɗin shadda ya jiƙe mini, tun daga nan nake naɗe kaya a leda biyu. Lokacin hazo kuma akan jinkirta tashi har sai gari ya washe, wannan ban ga laifinsu ba.

Wanda zai gwada, ya nemi kujerar tsakiya ko ta baya, don gaba ta fi dukan ƙugu idan ruwa ya motsa. Ya kuma rufe shago da wuri, saboda ba sa tafiyar dare, kuma layin yamma a CMS yana da tsawo. Ni biyar da kwata nake kulle nawa. Jiya Hajiyata ta kira daga Funtua ina tsakiyar ruwa, ta ji ƙarar inji ta ce, "Kai ɗan nan, har yanzu ba ka daina shiga ruwan nan ba?" Na ce mata, "Hajiya, a ci gaba da sa mu a addu'a." Da aka kira magariba ina ƙofar gida, ƙaramin ɗana yana riƙe mini da buta.