Kayan wasan duniyoyi da na sayo wa yara ya zo da ƙwallaye tara

Wata uku ke nan da na sayo wa yarana wannan abin koyarwa na rana da duniyoyin da ke kewaya ta, irin wanda ake harhaɗawa da hannu, ƙwan fitila a tsakiya shi ne rana, sai 'yan ƙwallaye a kan siraran ƙarafa, ka danna maɓalli su fara juyawa a hankali. In aka kashe wutar ɗaki gaskiya abin yana da kyau, har ƙaraminsu da ba ya zama wuri ɗaya sai da ya nutsu. Amma fa robar ba ta da ƙwari, zoben duniyar Zuhal (Saturn) ya tsage tun a mako na biyu sai da na liƙe shi da gam, kuma yana shan batir sosai.

Muna gama haɗawa 'yata da ke aji biyar ta ƙirga ta ce Baba ai tara ne, malaminmu kuwa ya ce takwas ne. Ashe masu ƙera shi sun bar Pluto, wadda a da ake ƙirgawa ta tara, a ciki, ba su rubuta komai a takardar ba. Da farko raina ya ɓaci, don kayan koyarwa bai kamata ya saɓa da abin da ake koyarwa a aji ba tare da bayani ba.

To amma da na zauna zan yi mata bayani sai na ga wannan lissafin ai tun da can bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Mutanen da bakwai suke ƙirgawa, rana da wata da Uɗaridu (Mercury) da Zahra (Venus) da Mirrihu (Mars) da Mushtari (Jupiter) da Zuhal, duk abin da ke yawo a tsakanin taurari, duniyarmu ma ba ta ciki sai bayan littafin masanin taurari Copernicus na 1543 da ya ce ita ma kewaya rana take. A 1801 Giuseppe Piazzi ya gano Ceres, wani dunƙulallen dutse da ke kewaya rana tsakanin Mirrihu da Mushtari, daga Palermo a Italiya, aka sa ta cikin duniyoyi, sai ga Pallas a 1802, Juno a 1804, Vesta a 1807, duk aka yi ta ƙirga su shekara da shekaru, da irinsu suka yi yawa wajen shekarun 1850 sai aka ware su gefe. Abin da ya samu Pluto ke nan. Clyde Tombaugh ya gano ta a 1930 a Arizona ta Amurka, ta yi shekara 76 tana ta tara, sai Mike Brown da abokan aikinsa suka gano Eris a 2005, wata mai kewaya rana can nesa wadda ta ma fi ta nauyi, dole a zaɓa, ko a ƙara ta goma da masu biyo baya ko a ja layi. Ranar 24 ga Agusta 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta yi ƙuri'a a Prague ta kafa sharaɗi uku kafin wata ta shiga lissafin duniyoyi: ta kewaya rana, nauyinta ya dunƙule ta, kuma ta zama ita ke da iko a hanyarta. Na ukun ne ya kayar da Pluto. Har yau Alan Stern, shugaban aikin kumbon New Horizons da ya wuce ta gefenta a Yulin 2015, bai yarda da wannan hukunci ba.

Inda na fi ganin laifin kayan shi ne girma. Sun yi Pluto kusan daidai da Uɗaridu, alhali faɗinta kusan kilomita 2,377 ne, ko watanmu ba ta kai ba, kuma hanyarta a karkace take da kusan digiri 17 amma su a miƙe suka jera ta da sauran.

Ban cire ta ba dai. Mun samo ɗan dutsen ado muka ɗaura tsakanin Mirrihu da Mushtari a matsayin Ceres, muka manna wa su biyun takarda mai cewa ƙaramar duniya. Mai son saya ya saya, yana da amfani, sai dai ya ƙirga ƙwallayen tun a shago kuma ya haɗa da batir mai caji.