Injin iska ko sola a cikin garin Kano? Ga yadda lissafin yake

Salamu alaikum jama'a. Malam, na ga tambayarka, ka ce ka ga tallan ƙaramin injin iska mai wat 400 irin wanda ake kafawa a saman gida, kana so ka san ko ya fi sola tunda shi ko da dare zai yi ta juyawa, kuma kuɗin wuta da na man janareta sun ishe ka. To bari in jera maka su gefe da gefe, amma tun yanzu in faɗa maka, in dai a cikin gari kake, irin su Kurna ko Gwammaja ko Hotoro, ni dai ba zan ba ka shawarar ka saka kuɗinka a injin iska ba.

Abin da masu tallan ba sa faɗa shi ne wannan wat 400 da aka rubuta a kwali, sai iska ta kai gudun kusan mita 12 a daƙiƙa ɗaya injin yake ba da shi, wato sama da kilomita 40 a awa, irin iskar da take tasowa kafin hadari ka ga mata suna rige-rigen kwashe shanya. Kuma wutar ba a hankali take raguwa ba in iska ta ragu, faɗuwa take yi. In gudun iska ya ragu da rabi, wutar da za ka samu ɗaya bisa takwas ce. In ya sauka daga mita 12 zuwa 4, ɗaya bisa 27 kenan, wat 400 ɗinka ya koma kamar wat 15, ƙwan fitila ɗaya da ɗan canji. Ƙasa da mita 3 kuwa yawancinsu ba sa cajin komai, za ka gan shi yana juyawa kana murna amma batir bai san ana yi ba.

To a ce ma iskar mita 4 ɗin ta kwana ta wuni ba tsayawa, abin da ba ya faruwa, wat 15 sau awa 24 ya ba ka kamar yunit 0.36 a rana (yunit ɗaya shi ne wat dubu na awa ɗaya). Shi kuwa fanel na sola mai wat 400 ɗin dai, a Kano muna samun rana mai ƙarfi ta awa 5 zuwa 6, ko ka cire asarar zafi da ƙura da ta waya zai ba ka kusan yunit 1.5. Ninki huɗu kenan, kuma na yi wa iska sassauci a lissafin.

Sai ka duba abin da gidanka yake ci, don nan ne mutane da yawa suke tsallakewa. Misali fanka uku masu wat 70 na awa 10, yunit 2.1 kenan, ƙwai takwas na LED awa shida kusan rabin yunit, talabijin da cajin waya wani rabin, firji kamar 1.2. Ka ga ka haura yunit 4 a rana, kusan 130 a wata, ba a sa dutsen guga ba, ba a sa hita ba, AC kuwa ba ma zancensa ake ba. Wanda yake layin Band A, wato rukunin da aka ce zai riƙa samun wuta aƙalla awa 20 a rana, tun da aka ɗaga kuɗin a Afrilun 2024 daga wajen naira 68 zuwa 225, daga baya a shekarar aka dawo da shi kusan 210, a wannan farashin yunit 130 ɗin wajen dubu 27 ne a wata. Injin iskar nan abin da zai rage maka bai wuce na dubu biyu da 'yan kai ba, fanel ɗaya kuwa ya haura na dubu tara. Ka tambayi farashin kowanne a Sabon Gari ka raba da kanka, ka ga wanne zai dawo maka da kuɗinka kafin ya lalace.

Maganar dare da ka kawo, gaskiya ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, amma ka tuna daren bazara a garin nan, Maris da Afrilu zuwa Mayu, lokacin da ake fitar da katifa tsakar gida ko ganye ba ya motsi. Lokacin ne ka fi buƙatar fanka, lokacin ne kuma injin zai tsaya cak. Iskar kirki sai hunturu, lokacin da babu mai kunna fanka. E, a hunturun hazo yana rage wa sola ƙarfi, wannan kam haka ne, sai ka riƙa share fanel akai-akai, amma buƙatar gidan ma ta ragu a lokacin. Kuma ko wanne ka saya batir dai dole ne, don haka injin iska bai raba ka da abu mafi tsada a harkar ba.

Ga kuma matsalar wurin kafawa. Iskar cikin gari tana dukan benaye da katangu da bishiyoyi tana murɗewa, injin ya yi ta waige-waige maimakon aiki. Ƙa'idar da masu harkar suke bi ita ce ya ɗara duk abin da ke kusa da shi da kamar mita 9, ka ga sai ka gina doguwar hasumiyar ƙarfe, kuɗinta kaɗai zai iya fin na injin. In ka ɗaura shi a jikin gini kuma girgiza da ƙugi, maƙwabta su fara sallama. Ƙurar hunturu ta shiga boris ɗin da farfelar ke juyawa a kai, guguwar farkon damina da take yaye kwano ta zo ta gwada shi, in ya karye wa zai gyara? Mai haɗa sola ko'ina akwai shi a Kano, shi kuma fanel ba abin da ke motsi a jikinsa, shekara 20 zuwa 25 ake ba shi.

Kar a ce na ce wutar iska ƙarya ce fa. Denmak fiye da rabin wutarta daga iska take samu, Kenya na da tashar tafkin Turkana mai megawat 310. Amma waɗannan manyan injina ne a fili fetal, a wurin da aka auna iskar tukuna kafin a kafa. Namu na kusa shi ne na Lambar Rimi a Katsina, injina 37, megawat 10, wanda aka faro maganarsa tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, ya ɗauki shekaru fiye da goma yana jan ƙafa, har da sace injiniyan Faransa da aka yi a 2012. A nan Kano kuwa da aka tashi yin manyan ayyuka rana aka zaɓa, ga na BUK mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, ga na Chalawa a Kumbotso mai megawat 10 da aka buɗe a farkon 2023. In kana da gona a bayan gari, fili buɗe kan tudu, to can za a iya zancen iska, shi ma a matsayin ƙari kan sola.

In ni ne kai, kafin in sayi komai sai in canza fankokin nan zuwa na DC masu cin wat 30 ko ƙasa da haka, nan take ka zubar da fiye da yunit ɗaya a rana, guga da tura ruwa a tanki a bar su sai an kawo wuta ko rana ta take, girki a bar wa gas. Bayan nan fanel uku zuwa huɗu masu wat 400 da inbata da batir daidai ƙarfinka za su riƙe gidan, janareta ya zama na ko-ta-kwana. Ka turo jerin kayan wutar gidanka da awannin da kuke kunna kowanne, sai mu fitar da girman batirin tare.