Akwatin kayan gyaran keke da na saya a Agege, bayan wata takwas ina amfani da shi

Tun da aka hana acaɓa a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi biyar na Legas a watan Yunin 2022, sannan aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, na koma hawa keke daga gidanmu a Agege zuwa wurin aikina a Ikeja. Keken tokumbo ne mai giya 21, wato faifai uku masu haƙora a gaba da bakwai a baya, kuma tun damina ta farko giyar ta fara ba ni wahala. Da na ga zuwa wurin mai gyara yana neman zama mini na kowane mako, sai na sayi akwatin kayan gyara a wani shago da ke cikin kasuwar Agege, a kan kuɗin da bai wuce na zuwa wurin mai gyara sau biyar ko shida ba.

Akwatin na roba ne, ƙirar Sin, kuma an cika shi da kaya har ya burge mai kallo: alanki (makullin noti mai kusurwa shida) daga milimita 2 zuwa 8, sukudireba mai kai biyu, maɓallin sarƙa (abin ture ƙusarta domin a raba ta), abin kwance faifan baya da bulalar sarƙar da ke riƙe shi, makullin sifok (siraran ƙarafan cikin taya), cokulan cire taya da kayan faci. Sai dai mai son gyaran giya ya sani cewa uku ko huɗu kawai daga cikinsu zai riƙa ɗauka, sauran kuwa za su daɗe a kwance.

Matsalar da ta sa na fara buɗe shi ita ce, sarƙa tana ƙara tsakanin faifai na uku da na huɗu na baya, kuma idan na zo hawan gadar Pen Cinema na nemi giya mai sauƙi, sai ta yi ta gurzar haƙora ba ta hau ba har ƙafata ta gaji. Na rataye keken ta sirdi da igiya a jikin ƙarfen shanya, domin tayar baya ta bar ƙasa in iya juya feda da hannu. A nan na yi kuskuren da kusan duk ɗan koyo yake yi. A jikin ƙarfen nan mai ƙananan tayoyi biyu da ke tura sarƙa daga faifai zuwa faifai, wanda zan kira ƙafar giya, akwai ƙananan kusoshi biyu, ɗaya da harafin H, ɗaya da L, kuma da yake su ne ido ke fara gani, su na yi ta murɗawa. Alhali aikinsu shi ne yi wa ƙafar giya iyaka kawai: na H yana hana sarƙa faɗawa ta bayan ƙaramin faifai, na L kuma yana hana ta tsallake babban faifai ta shiga cikin sifok. Ba ruwansu da giyoyin tsakiya.

Abin da ke daidaita giyoyin tsakiya shi ne ɗaurin waya. Tun da kamfanin Shimano na Japan ya fito da giya mai ƙas-ƙas a 1984, kowace dannawa tana jan wani ƙayyadadden tsawon waya ne, saboda haka idan wayar ta saki ko da kaɗan, duk giyoyin sai su kauce daga mazauninsu tare. Maganin yana wurin ɗan mazugin da wayar ke ratsawa kafin ta shiga ƙafar giya. Idan sarƙa tana nawar hawa babban faifai, sai a juya shi hagu kamar mai kwance noti, rubu'in zagaye a kowane karo, ana juya feda ana saurare. Idan kuma saukowa ƙananan faifai take yi wa nawa, sai a juya shi dama. A juyi na uku ƙarar ta ɗauke ɗif. Abin dariyar shi ne wannan aikin da yatsu biyu ake yin sa, akwatin bai taka rawar komai ba, sai dai wajen mayar da kusoshin da na ɓata da hannuna.

A wajen mayar da su ne na gane sukudireban akwatin ba shi da kirki. Ƙarfensa laushi gare shi, bakinsa kuma ba ya zama daram a kan kusa, har ya fara cinye kan na L kafin in ankara in koma ga wani tsohon sukudireba mai baki shimfiɗaɗɗe da ke gidan. Alankin kuwa sun ba ni mamaki. Mai milimita 5, wanda da shi ake kwance notin da ke danne wayar giya a kekena, na yi aiki da shi ba adadi, kuma har yau kusurwoyinsa ba su side ba. Maɓallin sarƙar ma ya yi aikinsa sau uku lafiya, muddin mutum ya saita tsinkensa daidai kan ƙusar sarƙa kafin ya murɗa.

Babban abin da na rasa a ciki shi ne almakashin yanke waya, kuma a Legas wannan rashi ba ƙarami ba ne. Danshin garin nan da ruwan da ke kwanciya a hanya daga Afrilu zuwa Yuli suna shiga cikin rigar waya su haifar da tsatsa, waya ta riƙa maƙalewa, kuma irin wannan ba ya jin juyin mazugi, sai an canza waya da rigarta. Na gwada yankewa da filaya, bakin wayar ya tarwatse kamar tsintsiya ya ƙi shiga rami, rigar kuma ta lotse. Dole na sayi almakashin daban. Mai sayen riga ya kula kada a ba shi ta birki, domin ta giya milimita 4 ce galibi, da zaruruwan ƙarfe a miƙe, ta birki kuwa milimita 5 ce da ƙarfe a nannaɗe, kuma tana matsewa idan an ja waya, giya ta ƙi zama wuri ɗaya. Babu ma'aunin cinyewar sarƙa ma, amma rula tana isa: tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, saboda haka tazara 24 a sabuwar sarƙa inci 12 ne cif, kuma idan ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin canji ya yi.

Akwai ranar da akwatin ya kasa gaba ɗaya. Wata danfo, wato ƙaramar bas ta haya, ta matse ni a bakin hanya, keken ya faɗi ta gefen dama, daga nan kuma idan na daidaita giyoyin sama sai na ƙasa su rikice. Bayan kwana biyu ina fama, na kai wa dattijon da ke gyara a bakin layinmu, wanda duk muke kira Baba. Bai taɓa kusa ko ɗaya ba. Ya tsuguna a bayan keken ya runtse ido ɗaya, sannan ya nuna mini cewa ƙananan tayoyin nan biyu ba su miƙe a ƙarƙashin faifai ba, sun karkata ciki. Ɗan ƙarfen alminiyon da ƙafar giya ke rataye a jikinsa ne ya lanƙwashe, kuma dama an yi shi ne domin ya lanƙwashe ko ya karye maimakon jikin keken. Ya miƙar da shi a hankali, ya kuma gargaɗe ni cewa alminiyo ba ya jure miƙarwa sau biyu, in nemi wani in ajiye.

Wanda ba shi da kayan aiki ko ɗaya a gida, ina ganin akwatin ya cancanci kuɗinsa, idan zai ƙara da almakashin waya da sukudireba na ƙwarai. Wanda kuma giya kaɗai ta dame shi, gara ya sayi alanki da almakashin ya bar sauran. Kafin biya, a tafi da keken shagon, domin faifan baya iri biyu ne, akwai wanda ake murɗawa a kan zare, akwai wanda ake zurawa a kulle da zobe, kuma abin kwance ɗaya ba ya dacewa da ɗayan. Alhajin da ya sayar mini ya bar ni na gwada a bakin shagonsa kafin in ba shi kuɗi.