Cutar cin abinci ba ƙaƙƙautawa: zama da masani ko shan magani?

Mai wannan cuta yakan cinye abinci mai yawa cikin ɗan lokaci, ya kasa tsayawa, sannan kunya ta rufe shi. Ba haɗama ba ce.

A zaman da ake yi da masanin halayyar ɗan Adam, wato CBT, mutum yana koyon ci a kan lokaci, da gano abin da ke tunzura shi: damuwa, kaɗaici, ko horar da kai da yunwa. Yana ɗaukar watanni, amma amfaninsa na daɗewa. Ni da shi na fi yarda.

Maganin lisdexamfetamine kuwa, wanda Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 2015, yana saurin rage ci. Sai dai yakan hana barci, ya ƙara bugun zuciya, kuma jiki na iya sabawa da shi. Sai likita ya rubuta ake sha.