Gargaɗi ga masunta kan fulogin jabu na injin kwale-kwale

Assalamu alaikum. Daga Daura nake rubuta wannan domin 'yan uwana masunta da masu fito da ke aiki da injin kwale-kwale a dam ɗin Sabke da na Daberam. Akwai wani mutum da ke zagayawa bakin ruwa a kan babur da jakar fulogi cikin kwalin NGK, wato kamfanin da ke ƙera fulogi, yana sayarwa a kan rabin kuɗin shago, yana kuma rantsuwa cewa daga Legas ya ɗauko su kai tsaye. Kayansa jabu ne.

Yayana ya sayi guda biyu ya ɗaura wa tsohon injinsa Yamaha mai ƙarfin doki 15. Ba su yi mako ɗaya ba inji ya fara tari, sannan ya mutu masa a tsakiyar ruwa gab da magariba, har sai da ya tuƙo da filafili shi da yaronsa. Da makanike ya kwance, ina tsaye, na ga ɗaya farin tangaransa ya tsage, ɗayan kuma bakinsa ya narke har ya ɓata kan fistin. Kuɗin gyaran ya ninka rangwamen da aka yi masa sau da yawa, ga kwanakin da ya yi bai shiga ruwa ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda mutumin yake gaya wa jama'a cewa duk fulogi ɗaya ne muddin ya shiga rami. Wannan ƙarya ce mai kashe inji. Rubutun da ke jikin fulogi yana da ma'ana. A B7HS-10, wanda tsofaffin injinan Yamaha da yawa suke amfani da shi, harafin H yana nufin gajeren tiredi, wato ɓangaren da ake murzawa cikin inji, mai milimita 12.7, shi kuwa mai harafin E milimita 19 ne, kuma idan aka ɗaura dogo a mazaunin gajere yana iya dukan fistin. Lambar tsakiya, wato 7, ta zafi ce, a tsarin NGK 8 ya fi 7 sanyi, ita kuma 10 ta ƙarshe tana nuna tazarar baki milimita 1. Saboda haka a je da tsohon fulogin zuwa shagon da aka sani, a sayi wanda ya dace da lambar da kamfanin injin ya ƙayyade.

Kafin a biya, a fito da shi daga kwali a duba da kyau. Waɗanda yayana ya saya, washarsu tana zamewa ta faɗo da kanta, tiredin yana da kaushi, rubutun kuma ya goge da na murza shi da yatsa.

Wajen ɗaurawa a fara da hannu har ya zauna, sannan a ƙara kamar rabin juyi da sifana idan sabo ne. A riƙa kwance shi ana duba launin bakinsa: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne, baƙi mai danshi alamar mai ya yi yawa a haɗin fetur ko kafireto yana son gyara, fari fat kuwa zafi ya yi yawa, a kashe inji.

Duk wanda ya riga ya saya, ina roƙonsa ya cire su yau, ya adana su tare da kwalin, ya kai wa Sarkin Ruwan yankinsa domin a sami shaida ranar da mutumin ya sake dawowa.